Yadda Nagoya Ta Goya Malam Younoussa

In ka sauka a Greensboro ka ce a kai ka wurin bakanike, wurin Malam Younoussa za a kai ka. In kuma ka ce a kai ka wurin wanda ya san komai, can ɗin dai za a sake kai ka, sai dai wannan karon ɗan rakiyar zai riƙa murmushi a hanya. Mutumin Maraɗi ne, dogo, kakkaura, mai muryar da ba ta san raɗa ba. Shekara da shekaru ya yi yana kwance a ƙarƙashin motocin Japan a garejinsa, har ya fara jin kamar shi da Japanawa ciki ɗaya suka fito. Aiki kam ya iya, ba mai ƙwace masa wannan. Bakin ne ba shi da birki.

Kullum da yamma majalisa takan haɗu a kantin Hamidou, tsakanin buhunan gari da galan-galan na manja. Hamidou taubashin Younoussa ne, ɗan mace da ɗan namiji suke, don haka duk abin da ya faɗa masa ba laifi. Akwai Alhaji Sale, dattijon majalisar, mai kurɓar shayi a hankali kamar magani. Akwai kuma Longji, mutumin Filato, direban bas na gari, maƙwabcin Younoussa katanga ɗaya.

Wata rana a bazarar 2006 Younoussa ya shigo, ya tsaya tsakiyar kanti, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, Japan za ni. Nagoya, garin da ake haihuwar motoci. Ni da Maman Leïla."

Hamidou ya ce, "Ikon Allah. Wa zai yi maka tafinta?"

"Tafinta? Bon, bari in koya maka abin da ba a koya maka a lakkol ba. Japananci Hausa ce da ta sha sanyi ta ƙanƙance. Nagoya, mi ka ji? Na goya. Osaka, a saka. Akwai wata unguwa Kanayama, wato kana yamma. Kunne kawai ake so."

Longji ya ce, "To ka dai nemi taswira."

"Mutumin da ya san cikin injin mutane ai ya san cikin garinsu. Yadda suke jera waya a mota, haka suke jera titi."

Daga nan ya buɗe babban shirin. Wannan tafiyar leƙen hanya ce kawai. In ya dawo zai buɗe kamfanin yawon buɗe ido, baɗi ya kwashi mutanen Greensboro, 'yan Nijar da 'yan Najeriya har da 'yan Gana in sun yi ladabi, ya zagaya da su Japan, shi ne jagora. Ya ma zaɓi fentin da za a yi wa allon kamfanin. Alhaji Sale ya ajiye kofi ya ce matambayi dai ba ya ɓata. Younoussa ya ce gaskiya ne, Alhaji, amma masani ba ya tambaya.

Ita Oumaima, matarsa, kitso take yi a wani shago kusa da titin Elm, kuma wannan ne hutunta na farko cikin shekaru. Da son ranta ne, gida za ta je ta ga uwarta. Sai da ya yi mata alkawarin za ta ga abin da ko matar gwamna ba ta gani ba, sannan ta yarda. Suka bar 'yarsu Leïla wurin Anti Dinatu, matar Longji. Younoussa ya cika akwati da manyan riguna masu aiki, wai don Japanawa su san baƙon nasu ba ƙaramin mutum ba ne.

Tun daga bakin tasha Nagoya ta fara gaisawa da shi. Sun fito daga jirgin ƙasan da ya kawo su daga filin jirgin sama, ya ɗaga wa tasi hannu, ya sunkuya zai buɗe wa Oumaima ƙofa irin ta masu wayewa. Ashe ƙofar da kanta take buɗewa. Ta same shi a gwiwa, kwas! Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya zagaya ɗaya gefen don ya shiga gaba, ya buɗe, sai ga shi ido da ido da direba, wani tsoho mai fararen safar hannu, riƙe da sitiyari.

Oumaima ta ce, "Baban Leïla, kai za ka tuƙa mu?"

"Dubawa nake in ga ko motar tana da lafiya."

A otal wata mata ta rusuna masa. Ya rusuna. Ta sake rusunawa, ya sake, don Bahaushe ba ya yarda a fi shi gaisuwa. Da ba don Oumaima ta ja shi ba, da suna nan har yau. Ɗakin kuwa, in ya miƙe hannuwansa sai ya taɓa bango biyu. Ya ce wannan dabara ce, don kada baƙo ya gaji da tafiya.

Safiyar Nagoya ita ce yammacin Greensboro, don haka da gari ya waye ya buga waya kantin Hamidou. Hamidou ya danna sifika, majalisa ta matso.

"Kai, ku bari! Ƙofofin motoci ma da suka gan ni da kansu suka buɗe. Mata sai rusuna mini suke."

Hamidou ya ce, "Ba su taɓa ganin kai mai girman naka ba ne."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Yau gidan sarki za mu."

Gidan sarkin wani tsohon gini ne mai koren rufi, da kifayen zinariya biyu a ƙololuwa, Oumaima ta gan shi a hoto ta ƙwallafa rai. Matar otal ta miƙo musu taswira, Younoussa ya ɗaga hannu ya ce a ba mabuƙata. Suka gangara ƙarƙashin ƙasa, suka tarar da wani gari sukutum a can: kantuna, gidajen abinci, hanyoyi sun rarrabu kamar gidan tururuwa. Ya ga jirgin ƙasa, ya ce wannan ne. Suka shiga a tashar da aka kira Sakae.

Jirgi ya yi ta tafiya. Oumaima ta ce ko a tambaya, ya ce a'a, jikinsa zai gaya masa in sun iso. Can sai muryar cikin jirgi ta ce, "Sakae."

"Baban Leïla, ba nan muka shiga ba?"

"Suna ne ya zo ɗaya. Birni nawa ke akwai a ƙasar Hausa?"

Suka ci gaba. Wani mutum da ke gefensu ya yi barci, ya farka, ya sauka, wani ya maye gurbinsa. Bayan wani dogon lokaci muryar ta sake cewa, "Sakae."

Oumaima ta ce, "Yanzu kam na yarda Hausa suke yi. Ga shi tana gaya maka mun sake."

Ashe layin zobe ne, zagaye gari yake ya dawo inda ya fara. Wata tsohuwa ce ta dubi hoton da ke hannun Oumaima, ta nuna musu tashar da za su sauka da yatsu. Suka isa gidan sarki, suka hau bene bayan bene, suka leƙa ta taga: gari shimfiɗe har iyakar gani, dogayen gine-gine, hayaƙin masana'antu can nesa wajen teku. Oumaima ta tsaya tana kallo. Younoussa ya nuna wani dogon gini ya ce otal ɗinsu ke nan, sannan ya juya ya nuna wani a ɗaya gefen ya ce ko kuma wancan.

Yunwa ta kai su wani gidan abinci da aka jera kwanoni a bayan gilashi. Younoussa ya girgiza kai ya ce dubi almubazzaranci, abinci tun safe a rana. Ya sa yatsa ya taɓa wata shinkafa da ke waje, ya ji roba ce. Ya share yatsan a riga kamar ba a yi ba.

Da suka zauna, babbar magana ta taso, yadda za a gaya wa mai kawo abinci ba su cin alade. Oumaima ta ce a nuna hoton kaza a huta. Ya ce a'a, sai an yi bayani dalla-dalla. Ya miƙe tsaye da babbar rigarsa, ya ɗage hancinsa da yatsa, ya yi gurnani sau biyu mai kyau, har na teburin baya suka ajiye cokula. Yana shirin girgiza kai ke nan don a gane cewa wannan dabbar ce ba a so, yarinyar ta riga ta yi murmushi, ta ce "Hai!", ta ruga kicin. Jim kaɗan sai ga faranti biyu na abin da ya kwaikwaya, an soya, an malale shi da jan miya.

"A'uzubillahi!" in ji Oumaima.

Ya sake miƙewa. Wannan karon ya haɗa hannuwa ya yi alamar hani, sannan ya sa su a hammata ya yi fiffike, ya yi cara. Wani yaro a kan cinyar uwarsa ya fashe da kuka. Aka kwashe farantan da ban haƙuri, aka kawo fukafukan kaza masu barkono da ɗanyen kifi yanka-yanka, da wani ɗan koren dunƙule a gefe.

Ya ce, "Ka ga rowa. Fiya ce suka sammana kamar kwalli."

Yarinyar ta nuna masa da yatsu biyu cewa kaɗan ake taɓawa.

"Gaya mata ni mutumin Maraɗi ne. Da yaji aka yaye ni."

Ya ɗauki dunƙulen gaba ɗaya ya jefa a baki. Abin bai tsaya a harshe ba kamar barkonon mutunci, sai ya bi ta hanci ya haye ƙwaƙwalwa. Idanunsa suka kawo ruwa, kunnuwansa suka toshe, ya dafe tebur yana kalmar shahada cikin shaƙewa. Oumaima ta tura masa ruwa tana cin kazarta.

"Lafiya, Baban Leïla?"

"Gida na tuna," ya ce, hawaye na ɗiga a gemu.

Washegari majalisa ta ji cewa ya zagaye Nagoya kaf har sau biyu don ya haddace ta, kuma da ya yi jawabi a gidan abinci sai da kowa ya daina ci. Longji ya ce muryarsa kamar mai mura. Ya ce iskar teku ce.

Ranar ce ya fi jira, ranar gidan tarihin masana'antu, inda ake nuna yadda aka tashi daga saƙa aka kai ga ƙera mota. Ya sa rigarsa mafi tsada, shuɗiyar shadda mai aiki har ciki. Wurin ya cika da ƙarar injuna. Ga masaƙu na kaɗa zare da kansu, ga wani ƙaton inji yana danna faifan ƙarfe ya fito da ƙofar mota kamar ana yin waina, ga hannuwan ƙarfe suna walda ba mutum a kusa. Nan kam Younoussa ya tsaya kallo, bakinsa a buɗe. Sai ya lura Oumaima na kallonsa, ya yi maza ya rufe.

Wata budurwa mai hula tana yi wa baƙi bayani da Turanci. Suka iso wurin wani injin mota da aka yanke gefensa don a ga cikinsa, yana juyawa a hankali, fistin na hawa da sauka.

Younoussa ya karkata kunne ya ce, "Wannan injin ba shi da lafiya. Ji yadda yake jan ƙafa."

Budurwar ta ce da gangan aka rage masa gudu, don masu kallo su gani.

"Haka kowane mai mota ke cewa. Bel ne ya saki."

Oumaima ta ce, "Don Allah, Baban Leïla, akwai jan layi a ƙasa."

"An ja shi ne don waɗanda ba su san aiki ba."

Ya tsallake layin, ya miƙa hannu zai taɓa bel. Injin, da yake bai san girman baƙo ba, ya cafke hannun babbar riga ya fara naɗewa a hankali, da irin natsuwar da yake komai. Younoussa ya ja, inji ya ja. Ya ga fuskarsa tana matsowa kusa da fistin, ya manta da Japananci da Turanci da Faransanci, ya kwarma ihu da Hausar Maraɗi tsantsa. Ƙararrawa ta ɗauka, jar fitila ta kama walƙiya, injin ya tsaya. Ma'aikata suka rugo, suka duba, suka yi shawara, sannan ɗaya ya kawo almakashi ya yanke hannun rigar tun daga kafaɗa. Suna yi suna rusunawa suna ba shi haƙuri, abin da ya fi zagi ciwo. 'Yan makaranta masu rawayen huluna suka yi layi suna kallo, malaminsu na yi musu bayani, da alama darasi ya samu.

Da za su fita, mai gadin ƙofa ya rusuna ya yi musu godiya da harshensu, ya ce, "Arigato."

Younoussa ya ce, "Kin ji ko? A riga, to. Jaje yake mini."

Oumaima ba ta yi dariya ba. Sai da suka koma otal ta zauna a bakin gado ta ce, "Na bar ganin uwata na biyo ka. Abin da na gani zuwa yanzu, cikin rami, da alade, da mijina a bakin inji. Gobe akwai motar da ke zagayawa da baƙi, da jagora mai tuta. Matar otal ta sa sunana. In za ka, bismilla. In ba za ka ba, ka zauna ka gyara musu lif ɗin hawa bene."

Maganar ta soke shi. Shi, mai kamfanin yawon buɗe ido, ya bi bayan tuta kamar tunkiya? In labari ya kai kantin Hamidou ai ya mutu. Sai dabara ta zo masa: gobe da sassafe zai fita shi kaɗai, ya haddace unguwar, ya samo shayi da burodi, ya dawo ya nuna mata cewa jiya tsautsayi ne.

Bayan sallar asuba ya zura jallabiya da silifa, ya bar ta tana barci, ya bar fasfo a jakarta. Amma fa ya yi hikima. A bakin ƙofar otal ya tsaya ya haddace sunan da aka rubuta, harafi biyu ne kacal, ɗaya kamar ƙafafun mutum a buɗe, ɗaya kamar akwati. Ya kuma riƙe alama: jan injin sayar da lemo a kan kwana.

Ya sha kwana, ya sake shan wata. Ya sayi burodi a wani kanti, ya juyo. Ga jan injin lemo. Ya shiga titin, ba otal. Ya koma, ga wani jan injin. Ya duba gaba, ga wani, ya waiga, ga 'yan'uwansu biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Titunan kuma ba mai suna. Ya yi ta yawo har rana ta ɗaga, gari ya farka, mutane suka ɓarko daga ko'ina cikin baƙaƙen kwat, kowa na sauri, ba mai magana. Ya ga matakalar ƙarƙashin ƙasa, zuciyarsa ta yi sanyi. Ai ya san wannan. Jirgin zobe ne, duk inda ya je Sakae zai dawo, kuma otal na kusa da Sakae.

Ya sayi tikiti, taron ya ɗauke shi ya cusa a jirgi, burodin ya zama kamar takarda a ƙirjinsa. Ya tsaya yana jiran a ce Sakae. Aka ce Kanayama, ya gyaɗa kai kamar ya ga ɗan'uwa. Daga nan mutane suka yi ta raguwa, har jirgi ya tsaya cak, fitilu suka yi ƙyafta, wani ma'aikaci ya zo ya nuna masa ƙofa da ladabi. Wannan jirgin ba na zobe ba ne, reshe ne, kuma ƙarshensa ke nan.

Ya hau sama, sai ga teku. Jiragen ruwa manya kamar unguwanni, ƙugiyoyin ɗaga kaya sun miƙe can nesa kamar raƙuman dawa, iska na kaɗa masa jallabiya. Ya zauna a kan wani benci da matattsen burodinsa. A ransa ya ce, Younoussa ɗan Maraɗi, yau ga ka ga iyakar ƙasa, in ka ƙara taku ɗaya na ilimi sai cikin ruwa.

A nan wani ɗan sanda mai furfura ya same shi, a kan keke. Ya tambayi fasfo, babu. Ya tafi da shi wani ɗan ofishinsu mai kamar shagon mai shayi, aka ba shi kujera da koren shayi ba sukari. Wani matashin ɗan sanda mai ɗan Turanci ya tambayi sunan otal. Younoussa ya ji ƙarfinsa ya dawo, ya karɓi biro, ya zana ƙafafu biyu da akwati, ya tura musu yana murmushi.

Suka dubi zanen, suka dubi juna. Tsohon ya tashi, ya kama hannunsa, ya fita da shi waje, ya nuna masa saman ƙofar wani kanti da ke kallonsu. Ƙafafu biyu da akwati. Ya nuna ta kusa da ita. Ƙafafu biyu da akwati. Matashin ya sunkuyar da kai ya ce ma'anarsa "mashiga".

Aka tambaye shi ko akwai lambar wayar da ya sani da ka. Ya laluba kansa kaf, lamba ɗaya ce a ciki. Ya roƙe su ko za a bar shi ya ƙara tunani. Suka ce ba gaggawa, amma ba fasfo ba tafiya. Ya tuna Oumaima ta farka ta ga ba shi, a garin da ba ta san kowa ba. Ya runtse ido ya faɗi lambar.

A Greensboro magariba ta kawo jiki, majalisa ta cika fiye da kullum, don labarin wayar Japan ya bazu, har da masu zuwa sayen manja su ƙi tafiya. Waya ta yi ƙara, Hamidou ya danna sifika ya ce, "Sarkin Nagoya, yau ka makara!"

Wata siririyar murya ta ce, "Hello. Nagoya police. We have Mister Yunusa. He is lost."

Kowa a kanti ya matso kusa da waya. Aka miƙa wa Younoussa kan waya.

"Hamidou, cire sifikar nan."

"Ta lalace, ba ta ciruwa. Mi ya faru, masani?"

"Ziyarar ban girma na kawo wa hukuma."

Ɗan sandan, da yake mutum ne mai son a fahimci komai, ya karɓi wayar ya yi bayani a hankali: an tsinci mutumin a bakin teku, ba fasfo, bai san sunan otal ɗinsa ba, yana riƙe da burodi, amma yana cikin ƙoshin lafiya, ya ma sha shayi. Longji ya zame daga kan buhun gari. Wata mata da ta zo sayen daddawa ta ce a maimaita mata wurin burodin.

Hamidou ya ce, "Taubashi, ka yi musu Hausar da ta sha sanyi mana!"

"Hamidou, ka ji tsoron Allah."

"Ranka ya daɗe ɗan sanda, in ba wanda ya zo nemansa, kwana nawa kuke ajiye tsintuwa?"

Alhaji Sale ne ya tsawatar, yana share hawaye da gefen rawani. Ya ce a bar wasa, akwai baiwar Allah can ita kaɗai. Longji ya kira Anti Dinatu, wadda Oumaima ta bar wa lambar otal saboda Leïla. Anti Dinatu ta ce, "Jesus! Maman Leïla ta riga ta kira ni tana kuka, wai ko an sace shi. Na ce mata wa zai iya?" Aka karanto lambar, aka haɗa 'yan sanda da otal.

Oumaima ta iso a tasi, ta jira ƙofa ta buɗe da kanta, ta fito da fasfo a hannu, idanunta jajur. Ta dube shi sama da ƙasa, jallabiya, silifa, burodi. Ya buɗe baki.

"Kada ka ce komai. In ka ce leƙen hanya ka zo, wallahi nan zan bar ka."

Aka ba ta takarda ta sa hannu cewa ta karɓe shi. Tsohon ɗan sandan ya rubuta sunan otal a wani kati, ya sa masa a aljihun gaba, ya daddaɓa wurin kamar yadda ake yi wa ɗan da za a aika kasuwa.

Motar baƙi ta ranar ta wuce su, amma sun samu ta washegari. Sauran kwanakin Younoussa ya yi su ne a bayan wata 'yar mata mai koriyar tuta. Suka ga wurin bauta mai manyan itatuwa, suka ga kasuwa mai rufi da ba a ganin ƙarshenta, suka ga gidan kifaye, suka hau wani dogon bene suka ga jirgin ƙasa mai dogon hanci yana wucewa kamar kibiya. Oumaima ta sayi yadi da tukunyar shayi, ta yi dariya har ya tuna yadda take dariya a Maraɗi. Sau ɗaya ya ɗaga yatsa zai gyara wa mai tuta bayani, Oumaima ta yi tari, ya mayar da yatsan ya sosa kunne. Bai sake buga waya kanti ba.

Da suka dawo Greensboro ya yi kwana biyu yana bi ta bayan gari zuwa gareji. A na uku ya ga ba inda za a gudu, ya sa shuɗiyar rigar nan mai hannu ɗaya, ya shiga kantin Hamidou ana tsakar hira. Kafin kowa ya buɗe baki ya ɗaga hannun da ba riga.

"Tunda dai naman nawa za a ci, ni zan raba da hannuna. Ku zauna."

Ya ba su labarin tun daga ƙofar tasi. Ya yi musu gurnanin aladen, ya yi cara, ya nuna yadda inji ya riƙa jansa. Abin da ba su sani ba ma ya ƙara musu, har Alhaji Sale ya roƙi a dakata ya sha iska. Hamidou, da ya kwana biyu yana wasa harshe, ya rasa ta inda zai soka, don duk inda ya nufa mai jikin ya riga shi.

Da dariya ta lafa, Longji ya ce, "To, maganar kamfani fa? Baɗi ina za ka kai mu?"

Younoussa ya kurɓi shayi, ya yi tunani irin na manya.

"Winston-Salem," ya ce. "Tafiyar rabin awa ce. Amma kada kowa ya ɗaura ɗamara tukuna, sai na tambayi Maman Leïla in tana da lokacin raka mu."